Fenshon Tsofaffi da Karatun Jikoki a Afirka ta Kudu

A shekara ta 1886 aka gano zinariya a wurin da birnin Johanasbag yake yanzu. Tun daga sa'an nan samarin ƙauyuka suka riƙa barin gida suna tafiya haƙar ma'adinai, su yi wata da watanni kafin su komo. A 1913 Turawan da ke mulkin ƙasar suka kafa doka wadda ta hana baƙar fata sayen gona, sai fa a cikin waɗansu 'yan yankuna da aka keɓe musu. Noma ya kasa ci da gida, tafiya ta zama tilas. Ba a yarda lebura ya zauna da iyalinsa a bariki ba, saboda haka 'ya'ya suka tashi a hannun mata da kakanni.

To, in ɗa bai aiko da kome ba, ina tsoho zai sami kuɗin makaranta da na littattafai? Sau da yawa sai a cire yaro a tura shi kiwo.

Gwamnati ta fara biyan tsofaffi matalauta fensho a 1928, amma ban da baƙar fata. Sai a 1944 aka sa su ciki, abin da ake ba su kuwa bai taka kara ya karya ba. A hankali aka yi ta ƙari, har a 1993 aka daidaita na kowa. A lokacin nan mace takan fara karɓa tana da shekara 60, namiji 65, ko da mutum bai taɓa aikin albashi ba. Kuɗin rand 370 ne a wata, watau wajen ninki biyu na abin da mutumin ƙauye yake samu.

Masana suka bi gidaje suna bincike, suka tarar da abu uku. Inda tsoho yake karɓar fensho, yara sun fi zuwa makaranta, aikin ƙarfi ya ragu musu. Inda tsohuwa take karɓa, jikoki mata sun fi ƙiba da tsawo. Na uku kuwa, fensho bai tsai da tafiya ba, ƙara ta ya yi, gama uwa ta sami kuɗin mota, ta kuma sami mai riƙe mata 'ya'ya, sai ta tafi birni neman aiki.

Ashe kuɗin da aka yanka don tsufa shi ya zaunar da yaro a aji. Gaskiyar masu magana, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.