Tarihin Kafewar Mota a Ƙasar Magarya, da Yadda Aka Ari Dabara Daga Ƙasashen Ƙanƙara

Wanda duk ya san hanyoyin da suka ratsa ƙasar Kwaya da Dungas, daga jigawar da ake noman gero har zuwa fadamun Korama inda rake yake, ya san cewa mota tana da maƙiya biyu a wannan yanki, kowanne kuwa da lokacinsa: rairayi da rani, taɓo da damina. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, wannan mas'ala ta kafewa ba a ƙasarmu aka fara fama da ita ba, domin mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda dusar ƙanƙara take binne musu hanya wata da watanni, sun riga mu shan wahalarta, kuma da yawa daga cikin dabarun da suka iso mana saboda ƙanƙara aka ƙage su, daga baya aka jarraba su a kan yashi, wasu suka karɓu, wasu kuwa ƙasa ta ƙi su.

Asalin illar a ginin motar take. Galibin motocin da suka yi aiki a nan tun zamanin Nasara, ƙarfin injinsu ta farfela yake bi ya sauka a ƙafafun baya, alhali nauyin injin yana gaba. Saboda haka idan bayan motar ba kaya, tayoyin da aka ɗora wa alhakin turawa su ne ba su da abin da zai danne su a ƙasa. Sa'an nan akwai wata na'ura a tsakiyar aksul ɗin baya wadda aka yi ta domin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a wurin shan kwana, hikima ce babba a kan kwalta, amma a cikin yashi sai ta zama fitina, gama da zarar taya guda ta rasa riƙo, sai ita kaɗai ta yi ta wulwulawa tana haƙa wa kanta rami, ƴar'uwarta tana tsaye cik. Direban da bai ƙware ba sai ya ƙara ba ta wuta, motar kuwa ta ƙara nutsewa har cikinta ya zauna a ƙasa.

Turawa sun fara neman magani tun mota tana jaririya. A shekarar 1904 wani Ba'amurke, Harry Weed, ya yi rajistar sarƙar da ake naɗa wa taya domin ta ciji ƙanƙara da laka. A 1934 wani kamfanin roba na ƙasar Finlan, wanda yau ake sani da Nokian, ya fitar da tayar farko da aka yi musamman saboda hunturu, kuma domin manyan motoci aka yi ta. Amma dabarar da ta fara taka ƙasar Damagaram daga Rasha ta fito. Wani Bafaranshe mai suna Adolphe Kégresse, wanda yake kula da motocin sarkin Rasha Nikolas na Biyu, shi ne ya cire tayoyin baya ya maye su da ɗamarar roba mai kewaya ƙananan gargare, domin motar sarki ta bi ta kan ƙanƙara ba ta nutse ba. Da juyin mulki ya ci gidan sarautar a 1917, sai ya koma Faransa ya haɗa kai da André Citroën, su kuwa suka yi ƙiyasi cewa abin da ya hana nutsewa a ƙanƙara zai hana ta a rairayi. Ƙiyasin ya inganta: motoci biyar suka tashi daga Tugurt ta Aljeriya a watan Disamba na 1922 suka shiga Tambutu a Janairun 1923, sa'an nan a ƙarshen 1924 wani ayarin na motoci takwas, a ƙarƙashin Haardt da Audouin-Dubreuil, ya biyo ta Yamai da Tasawa ya sauka Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin Nijar, kafin ya wuce Tafkin Cadi.

Sai dai waɗannan motoci na nuna ƙasaita ne, ba na fatauci ba. Suna da nawa, ɗamararsu tana saurin lalacewa, kuma ba wani ɗan kasuwa da zai ɗora musu buhu. Abin da ya kawo mota ƙasar Magarya da gaske gyaɗa ce. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗar kudancin Damagaram kudu ta fuskanta, da farko a bisa jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci ta Tinkim da Ɓaɓura, kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna saye, har zuwa lokacin da gwamnatin Nijar ta kafa SONARA a 1962 ta karɓi cinikin. Hanyoyin kuwa talakawa ne suka share su da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, kuma bai kamata a ba da labarin mota a ƙasar nan a tsallake wannan zalunci ba. Inda aka zuba marmara, da damina akan kafa shinge bayan ruwa a tsare manyan motoci har hanya ta tsane. Inda ba a zuba ba, sai direba da yaransa da abin da Allah ya hore musu.

A nan ne sana'ar ta yi ijtihadinta, kuma a ganina nan ne tarihin ya fi daɗi. Idan mota ta doshi tulin rairayi, direba ba ya jira ta kafe: zai tsaya a wuri mai tauri, yaron mota ya tsuguna gindin taya ya danna bakin tub da tsinke, iska tana fita yana kallon gefen tayar, har sai ya ga ta yi ciki ta baje a ƙasa kamar tafin raƙumi, domin gwargwadon faɗin abin da ya taɓa yashi, gwargwadon ƙarancin nutsewarsa. Sa'an nan a zaɓi giya tun kafin a shiga, a riƙe ta, ba canji ba burki har a fita. In kuwa ƙaddara ta riga fata ta kafe, sai a sauke fasinja, a yashe gaban tayoyin baya da shebur da hannu, a ɗaga da jak bisa katako, a cusa zana ko karan gero ko rassan sabara da kalgo a ƙarƙashi, maza su sa kafaɗa, yaro kuma yana biye da weji a hannu, duk taƙin da aka samu ya cusa shi bayan taya kada a yi asararsa. Bayan an fita, sauran aiki mafi gajiyarwa: mayar da iskar da famfon hannu, taya bayan taya, a cikin rana. Masu hali daga baya sun sami faya-fayen ƙarfe masu huda, waɗanda asalinsu sojan Amurka ne suka yi su a Yaƙin Duniya na Biyu domin shimfiɗa filin jirgin sama, ana rataye su a gefen bodi. Shi ma Ralph Bagnold, sojan Ingila da ya yi yawon hamadar Libiya da motocin Ford tun wajen 1930, a kan rage iska da shimfiɗa ƙarfe ya dogara, wato darura ɗaya ta kai mutane daban-daban ga hukunci ɗaya.

Da Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, aka kuma fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai ƙananan motocin ɗaukar kaya masu tamfol suka mamaye kasuwannin ƙauye, har zuwa Maigatari. Dukansu da ƙafar baya suke turawa, kuma direbobinsu sun san cewa a yashi marar zurfi da kan laka mai santsi motar da ta ɗauki kaya ta fi wofi riƙo. Shi ya sa za ka ji ana ce wa mutane su koma baya su hau bisa aksul su danna. Mutumin Kanada da yake ajiye buhunan yashi a but da hunturu wannan hujjar yake bi. Amma a wurin sarƙa hanyoyi suka rabu: tana da amfani a taɓon fadama, a rairayi kuwa haƙa take ƙarawa, haka nan taya mai manyan haƙora, har ma wadda ta ɗan sha hanya takan fi ta lafiya a kan yashi. Land Rover, da Toyota mai jan ƙafa huɗu bayanta, sun rage wahalar ga wanda yake da kuɗinsu, ba su kawar da ita ba.

Tayar hunturu ita ma daga ƙarshe ta iso, amma ta ƙofar gwanjo. A cikin tsofaffin tayoyin Turai da ake saukewa a Kwatano su watsu zuwa kasuwannin Kano da Damagaram, akwai masu ɗauke da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya, fuskarsu cike da ƙananan tsage. Mai saye yakan ga zanen da saura ya ɗauka ya yi tsintuwa, alhali robarsu mai laushi ce, an haɗa ta ne domin sanyin da ya gaza digiri 7, don haka a kwaltar Magarya da watan Afrilu takan ɗau zafi ta cinye da wuri, balle a ƙarƙashin lodin wake ko na awaki. Masu faci da suka daɗe a bakin tasha sukan duba wannan alama, su duba lambobi huɗun nan na gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, tun kafin a shiga maganar kuɗi.