Kifin Tafkin Chadi da Harsunan Yerwa

Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Tashar Baga kafin rikici ya san yadda ake sauke banda kwali-kwali, ana lodi zuwa Kano da Onitsha da Legas. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, kifin da ke cikin kwalayen ya sauya tun kafin a fara jin ƙarar bindiga. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, da kifi iri sama da ɗari a cikinsa. Sai fari na 1973 da na 1984 suka janye ruwan, tafkin ya rabu biyu, ɓangaren arewa ya koma fadama. Giwan ruwa da sauran kifayen da ke son ruwa mai zurfi suka yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa masu jure taɓo suka mamaye. Masunta ba su daina kamu ba, kasuwa ba ta daina ci ba, iri ne kawai ya ragu.

Haka ya faru da shanun Kuri na Buduma, masu ƙaho kamar tulu, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Da ruwa ya ja, shanun tudu suka samu hanyar shiga, aka yi ta barbara, har tsantsar Kuri ta zama abin nema.

Mun kawo wannan ne saboda Maiduguri ma tafki ce, ta mutane. Garin bai daɗe ba. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a Kusiri a 1900, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, kusa da sansanin Turawa a bakin kogin Ngadda. Sunayen unguwanni sun isa shaida kan waɗanda suka cika sabon garin: Shehuri wajen fada, Shuwari ta Larabawan Shuwa, Fezzan ta 'yan kasuwar da suka fito daga Libiya, Hausari tamu. Daga kudu Babur da Bura da Margi suka shigo, daga duwatsun Gwoza wasu suka gangaro. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, jami'a ta buɗe a 1975, kowanne ya ƙara jawo baƙi.

Mu Hausawa mun zo Borno ne a matsayin masu nema. Kakanninmu sun zo fataucin goro da kanwa, wasu sun yada zango kan hanyarsu ta zuwa Makka a ƙafa suka zauna, almajiranmu kuma har yau “tafiya gabas” suke cewa idan za su neman karatu. Kai, kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ma, masana harshe sun nuna ta bakin Barebari suka shigo mana, haka sarautun Galadima da Ciroma da Yarima. Wanda ya ari wannan duka bai kamata ya yi wa mai gida kallon raini ba.

To amma yau fa? Ku tsaya a bakin kowace makarantar firamare a lokacin tashi ku saurara. Ɗan Kanuri da ɗan Margi da ɗan Shuwa, da Hausa suke faɗa, da Hausa suke shiryawa. Tun daga 2009 rikici ya kwaso mutanen Bama da Gwoza da Baga da Marte ya zuba a sansanonin Bakassi da Dalori da cikin unguwanni, yaran da aka haifa a can da yawa sun tashi suna jin harshen iyayensu amma da Hausa suke mayar da amsa.

Akwai itacen da ya fi kama da mu a garin nan, wato dogon yaro. Daga ƙasar Indiya asalinsa, zamanin Turawa aka dasa shi a Borno, ya karɓi ƙasar, ya yi wa titunan Maiduguri inuwar da ake alfahari da ita. Ba wanda zai ce a sare shi. Sai dai inda ya yi yawa, ba ka cika ganin kuka da tsamiya da aduwa suna tasowa ba, alhali Kukawa kanta daga kuka ta samo suna. Hausa ta yi wa Maiduguri amfani irin na inuwa: ita ke sa mai kayan Gwoza ya yi ciniki da mai kuɗin Gamboru ba tafinta. Kuma ba yau harshe ya fara haɗiye harshe a nan ba, don Gamargu da yawa sun koma Barebari tun kafin a san da mu a Yerwa.

Inda kwatancen ya tsaya shi ne, giwan ruwa bai zaɓi ruwa ya janye ba, amma uba yana zaɓen harshen da zai yi wa ɗansa magana da shi, maƙwabci kuma yana zaɓen ko zai yi dariya idan ya ji wani yare. A nan muke da hannu. Dattawan Hausari na da, da yawansu sun iya Kanuri, da shi suke gaisuwa a fada, da shi suke ciniki da matan da ke kawo nono da man shanu. Jikokinsu kuwa, an haife su a Yerwa, sun yi aure a Yerwa, amma idan tsohuwa ta ce musu “Nda wattu” da safe, sai su yi murmushi su amsa da “Lafiya lau, Hajiya.”