Daga 'Yan Taru Zuwa Babban Taron Ƙungiyar Mata

Fitar mata daga ƙauyukan ƙasar Hausa domin halartar taron ilimi da aikin sa-kai, wato hidimar jama'a da ba a karɓar ko kwabo a kanta, ta girmi ƙungiyoyin zamani da fiye da shekara ɗari. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru, inda mata ke tasowa daga garuruwansu ayari-ayari su zo wurinta ɗaukar karatu, kowane ayari a ƙarƙashin jagora da ake kira jaji, wadda ake naɗa ta da malfa da jan rawani domin a shaida ta a hanya. Masu tafiyar galibi 'yanmata ne da dattijai, domin matan aure suna kulle, sai dai su aika da sadakarsu ta hatsi ko zuma ko tufafi, su kuma jira waƙoƙin da aka haddato musu. Sabuwar shiga ba ta zuwa ita kaɗai, jaji ce ke gabatar da ita, kuma idan ta koma gida ana sa ran ta duba marasa lafiya, ta koyar da maƙwabta abin da ta jiyo.

Ƙungiyoyi masu kundin tsari da sakatariya sun zo daga baya. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a Kaduna a 1963, ta shahara da kula da marayu, amma jagorancinta ya tsaya a hannun matan manya na birane. Wadda ta fi kusantar ƙauye ita ce FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da aka ƙaddamar a Minna a 1985, Hajiya Aisha Lemu ta zama amirarta ta farko, wato shugabarta, kuma ƙungiyar ta ɗauki al'adar yin babban taro kowace shekara, ana zagayawa da shi jiha-jiha.

A yankin Madobi da Kura da Bunkure na jihar Kano, abin da ya share fagen fitar mata zuwa irin wannan taro shi ne noman rani. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya ratsa gonakin Kadawa da kewaye, shinkafa da alkama da tumatir suka yawaita, mata suka sami sana'ar turara shinkafa da aikin ƙodago lokacin girbi, kuma kuɗin da ya shigo hannunsu ya ƙarfafa adashi da gudummawar biki, waɗanda su ne ƙungiyoyinsu na asali. Makarantun Islamiyya na matan aure da azuzuwan yaƙi da jahilci, waɗanda suka bunƙasa a Kano daga 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, sun saba wa mazaje da barin matansu fita neman ilimi, sannan WOFAN, ƙungiyar bunƙasa mata manoma da aka kafa a Kano a 1993, ta tarar da matan a shirye.

Saboda haka matar da ta tashi daga Madobi zuwa babban taron FOMWAN karo na farko a yau tana bin tsohuwar turba ce, domin amirar reshe ce ke neman mata izinin maigida, ta haɗa mata kuɗin mota da na rajista, ta nuna mata inda za ta zauna a cikin mata masu anko. Babban canjin shi ne yanzu matar aure ce da kanta take tafiya, sau da yawa da goyo a bayanta. Inda zamani ya gaza kuwa shi ne harshe, domin Nana Asma'u da Hausa da Fulatanci ta koyar da baƙinta, alhali a manyan tarukan ƙasa yawancin ƙasidu da Turanci ake gabatar da su, kuma sabuwar shiga daga karkara sai ta jira tafinta.