Ɗanyen Hoto da Buɗaɗɗiyar Manhaja: Nazarin Iyakar 'Yancin Mai Hoto a darktable da RawTherapee da digiKam

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci manhajoji uku na kyauta masu buɗaɗɗen tushe waɗanda ake wanke ɗanyen hoto da adana shi da su, wato darktable da RawTherapee da digiKam. Tambayar da aka sa a gaba ita ce: idan mai hoto ya bar manhajar haya ya koma ga waɗannan, me ya dawo hannunsa, me kuma ya rage a hannun wani? An bi hoto ta matakai uku: karanta fayil ɗin kyamara, ajiye bayanansa a kundi, da rubuta gyaran da aka yi masa. Abin da ya bayyana shi ne 'yancin bai zo daidai a matakan ba. Bayanan kundi na iya bin hoto duk inda ya je, karanta fayil yana rataye da ganin damar kamfanonin kyamara, shi kuwa gyara yana maƙale da manhajar da ta yi shi, ko da buɗaɗɗiya ce.

1.0 Gabatarwa

Sensar kyamara ba ta ganin launi, yawan haske kawai take aunawa. Domin a sami launi sai aka shimfiɗa mata ragar ƙananan matatai, wadda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1976: a cikin kowane fiksel huɗu, biyu kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Ke nan kowane fiksel launi guda ya sani, sauran biyun lissafo masa su ake yi daga maƙwabtansa. Idan aka saita kyamara a kan JPEG, ita za ta yi wannan lissafi, ta daidaita fari, ta ƙara kaifi, ta matse sakamakon zuwa bit 8, wato mataki 256 na haske a kowane launi, sannan ta zubar da ragowar. Ɗanyen fayil kuwa awon sensa ne tun kafin a yanke waɗannan hukunce-hukunce, galibi a bit 12 ko 14, wato mataki 4,096 ko 16,384. Gari ne da ba a tuƙa ba: mai shi na iya yin tuwo yau, gobe ya dama kunu.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton ɗaurin aure da tsakar rana ya san amfanin wannan tazara. Ango na sanye da babbar riga ta farar shadda tana ƙyalli, fuskarsa kuma na cikin inuwar rumfa. In aka auna haske a fuska, rigar ta ƙone fari fat, aikin zaren da ke wuyanta ya ɓace. In aka auna a riga, fuskar ta dushe. Ɗanyen fayil yakan riƙe duka biyun, sai dai ba ya kallo sai an wanke shi da manhaja, kuma a nan maganar mallaka take shigowa.

Adobe ya fitar da manhajar wanke hoto ta Lightroom a 2007, ana saye sau ɗaya. A 2017 kamfanin ya sanar cewa Lightroom 6 shi ne na ƙarshe da za a sayar haka, daga nan sai biyan wata-wata. Wanda ya daina biya zai ci gaba da ganin kundinsa, amma sashen gyara zai rufe. Apple ya dakatar da tasa manhajar hoton, Aperture, a 2014, kuma daga macOS Catalina na 2019 manhajar ta daina tashi. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da rufe asusun masu amfani da shi a Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka, ko da yake ya janye bayan ya sami izini. A Nijeriya ma, cikin 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka dakatar baki ɗaya. Ba tsada kaɗai ce ke tura mutane wajen buɗaɗɗiyar manhaja ba, har da fargabar a wayi gari ƙofar ɗakin aikinka na hannun wani.

2.0 Hanyar Nazari

Nazarin na kwatance ne. An dogara ga tarihin fitowar manhajojin da kuma siffar fayilolin da kowace ke rubutawa. Johannes Hanika ya fara darktable a 2009, ta isa Windows a fitowa ta 2.4 cikin Disamban 2017. Gábor Horváth ya fara RawTherapee a Budafes a 2004, ya buɗe tushenta a ƙarƙashin lasisin GPL a 2010. Ita kuwa digiKam ta dangin KDE ce, tun 2001 take, kuma ƙarfinta a tsara kundi yake. Ba a auna sauri ko kyan hoto ba, domin waɗannan na sauyawa da kowace fitowa.

3.0 Karanta Fayil

Babu tsari guda na ɗanyen fayil. Nikon na da NEF, Canon na da CR2 da CR3, Sony ARW, Fujifilm RAF, kuma kowace sabuwar kyamara kan zo da 'yan sauye-sauye a cikin tsarin kamfaninta. Yawancin kamfanonin ba sa wallafa bayanin yadda suka gina fayil ɗin. Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne dcraw, ƙaramar manhajar da Dave Coffin ya fara a 1997, yana warware tsarin kyamarori ɗaya bayan ɗaya ta hanyar bin diddigin lambobin da ke cikin fayil. A 2005, da aka gano Nikon ya sakaya bayanin daidaita fari a fayilolin kyamarar D2X, dcraw na cikin waɗanda suka fara kwance sakayawar. Fitowarta ta ƙarshe ta zo a 2018. Aikin ya koma hannun LibRaw, wadda aka gina a kanta tun 2008, da kuma RawSpeed da darktable ke amfani da ita.

A nan buɗaɗɗun manhajoji kullum a baya suke biyo kamfani. Canon ya kawo CR3 tare da EOS M50 a 2018, amma darktable ba ta fara buɗe shi ba sai fitowa ta 3.8 a Disamban 2021. Sama da shekara uku ke nan mai sabuwar Canon na bin hanyar zagaye. Sabon tsarin matse fayil da Nikon ya kawo da Z9 a 2021 ya fi wuya, domin fasaha ce mai lasisi ta kamfanin intoPIX, matsalar ba ta ilimi kaɗai ba ce, har da ta doka. Adobe ya gabatar da DNG a 2004 a matsayin tsari na bai-ɗaya da aka wallafa bayaninsa. Leica da Pentax sun karɓe shi, wayoyin Android ma sun sami damar rubuta shi daga 2014, amma Canon da Nikon da Sony ba su koma kansa ba. Akwai manhajar Adobe ta kyauta mai juya fayil zuwa DNG, sai dai rufaffiya ce, kuma ga Windows da Mac kawai aka yi ta.

Duk da haka, akwai riba guda da ba a cika lura da ita ba. Tsarin da aka riga aka warware ya warwaru har abada, tun da bayanin na rubuce a tushen da kowa zai iya kwafa. Kyamarar da aka saya ta hannu, wadda kamfaninta ya daɗe da mantawa da ita, fayilolinta na buɗuwa lafiya. Jinkirin, mai sabuwar kyamara yake ci.

4.0 Kundi

Wannan mataki ya fi sauran sauƙi. Taurarin daraja daga ɗaya zuwa biyar, kalmomin nema, take, sunan mai hoto da wurin ɗauka duk suna da gurbi a XMP, tsarin da Adobe ya fitar a 2001 ya kuma zama ƙa'idar ISO a 2012. darktable da digiKam kowace na da rumbun bayanai na SQLite, amma suna iya rubuta bayanan a ƙaramin fayil ɗan rakiya da ke zama kusa da hoton. In rumbun ya lalace, sai a sake gina shi daga 'yan rakiyar. Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin fa'ida: XMP da Unicode yake aiki, don haka "ɗaurin aure" ko "Ƙofar Mata" za su fito da ƙugiyoyinsu, abin da tsohon tsarin IPTC bai tabbatar ba. Saɓanin da ake samu ƙanana ne, kamar alamar launi da ba kullum take ƙetarewa ba, ko sunan ɗan rakiyar kansa: ga hoto mai suna DSC_0412.NEF, Lightroom zai rubuta DSC_0412.xmp, darktable kuwa DSC_0412.NEF.xmp.

5.0 Gyara

darktable da RawTherapee ba sa taɓa ɗanyen fayil. Abin da suke ajiyewa jerin umarni ne: ƙara haske kaza, juya fari zuwa kaza, yanke gefe kaza. Duk lokacin da aka buɗe hoton sai a sake bin jerin daga farko. RawTherapee na rubuta nata a fayil mai ƙarshen pp3, rubutu ne zalla da za a iya buɗewa a karanta layi-layi, a ga sunan kowane saiti da lambarsa. darktable na zuba nata a cikin XMP, amma saitunan a dunƙule suke cikin lambobi, sai manhajar ce ke kwance su.

Mutum zai zaci tun da duka biyun buɗaɗɗu ne, ɗaya za ta karanta gyaran ɗaya. Ba ta karantawa, kuma ba don rowa ba. Umarnin ƙara haske mataki ɗaya ma'anarsa guda ce a ko'ina, wato ninka haske sau biyu. Amma lambar da aka ba kaifi ko rage hatsi-hatsi ko bambancin haske da duhu ba ta da ma'ana sai a cikin lissafin da aka rubuta ta dominsa, da kuma gurbin da lissafin ya faɗo a jerin aiki. Tun daga cike gurbin launi hanyoyi suke rabuwa: akwai AMaZE ta Emil Martinec, akwai RCD ta Luis Sanz Rodríguez, kuma sensar X-Trans da Fujifilm ya kawo a 2012, mai ragar fiksel shida-shida, na buƙatar nata lissafin daban. darktable kan ɗauko kaɗan daga gyaran Lightroom, irin su yanka da haske, amma kwatankwaci ne, ba kwafi ba.

Matsalar ba ta tsaya tsakanin manhaja da manhaja ba, tana nan a cikin manhaja guda. A fitowa ta 2.6 cikin Disamban 2018 darktable ta sami sashen filmic na Aurélien Pierre, wanda ya buɗe sauyi babba a tsarin aikinta. A da, tun da wuri ake lanƙwasa haske ya dace da allo, sauran gyara ya biyo baya. A sabon tsarin ana barin lambobin a miƙe yadda sensa ta auno su, a yi duk gyaran a haka, sai a ƙarshe a matse su zuwa abin da allo zai iya nunawa. Ga hoton angon nan bambancin a fili yake: ana iya ɗaga fuskar ba tare da launin fata ya koma toka-toka ba, farin shaddar kuma ya sauka a hankali maimakon ya yanke. A ganin wannan nazari sabon tsarin ya fi inganci, amma ya zo da tsada. Waɗanda suka saba da tsohon sai da suka sake koyo, sannan a 2022 aka ƙara wani sashen mai suna sigmoid da ke yin aiki makamancin na filmic ta wata hanya. Masu kula da darktable sukan bar tsofaffin sassa a ɓoye domin tsohon gyara ya ci gaba da buɗuwa, kuma kowane saiti na ɗauke da lambar zubinsa. Wannan alkawari ne na masu aikin sa-kai, ba ƙa'ida ce da aka rattaba wa hannu ba. Idan ra'ayi ya saɓa kuma, manhajar kan rabu biyu: Alberto Griggio ya cire ART daga RawTherapee, Pierre ya cire Ansel daga darktable, kuma da tafiya ta yi nisa kowane reshe sai ya daina fahimtar sabon gyaran ɗan'uwansa.

To ina fifikon buɗaɗɗiyar manhaja a nan, tun da gyaranta ma a ɗaure yake? Fifikon yana cikin lasisin. GPL ya halatta wa kowa ya ajiye tushen fitowar da ya yi aiki da ita, ya sake gina ta bayan shekaru, ya ba wani. Mai Aperture ba shi da wannan dama. Sai dai dama daban, iyawa daban: gina manhajar da ta shekara goma sha biyar a kan sabuwar kwamfuta aikin ƙwararre ne, domin ta dogara da wasu manhajojin irin su Exiv2 mai karanta bayanan hoto da Lensfun mai gyara karkatar gilashin kyamara, su ma kuma sun sauya. Jami'a ko gidan tarihi na iya ɗaukar wannan nauyi, mai shagon hoto guda da wuya.

Saboda haka adana hoto ɗaya yana nufin adana abu huɗu: ɗanyen fayil, ɗan rakiyarsa, lambar fitowar manhajar da aka yi gyaran da ita, da kuma wankakken kwafi a TIFF mai bit 16 ga hotunan da suka cancanta. Na huɗun shi ne mai cin wuri. Ɗanyen fayil na kyamara mai fiksel miliyan 24 a bit 14 bai wuce megabait 42 ba kafin a matse shi, amma TIFF ɗinsa, da yake kowane fiksel ya sami launi uku a bit 16, ya kai megabait 144. Wanda ya ɗauki hoto dubu a biki guda dole ya zaɓi waɗanda zai yi wa wannan gata, sauran ya bar su ga ɗanyen fayil da ɗan rakiya.