Hanyar Kekuna ta Kogin Danube: Daga Passau Zuwa Viyana da Gaba

Hanyar kekuna ta Kogin Danube tana cikin hanyoyin yawon buɗe ido a kan keke mafi shahara a nahiyar Turai. Sashenta da aka fi bi shi ne wanda ya taso daga birnin Passau na ƙasar Jamus ya isa Viyana, babban birnin Ostiriya, tazarar kimanin kilomita 320, wadda mafi yawan matafiya ke cinyewa cikin kwana 6 zuwa 7. Kogin da hanyar ke rakiya ya faro ne daga yankin Donaueschingen a kudu maso yammacin Jamus, ya yi tafiyar kusan kilomita 2,850, ya ratsa ko ya taɓa ƙasashe 10, kana ya faɗa Bahar Aswad. A duk Turai, Kogin Volga kaɗai ya fi shi tsawo.

Hanyar wani yanki ne na babbar hanyar EuroVelo 6, wadda ta haɗa gaɓar Tekun Atilantika a Faransa da birnin Constanta na Romaniya. Tarayyar ƙungiyoyin masu keke ta Turai ce ke kula da tsarin EuroVelo, wanda aka ƙaddamar a 1997, yanzu kuma yana da manyan hanyoyi 17.

Asalin hanyar

Ba don kekuna aka fara share wannan hanya ba. Kafin zuwan injin, jirgin kaya yakan gangara ne da ƙarfin ruwa, amma komawa sama sai da dawakai, wani lokaci gommai, suna tafe a gaɓa suna jansa da igiya. Gishiri da hatsi da katako duk ta nan suka bi shekaru aru-aru, kuma cinikin gishiri ne ya azurta Passau. Da jiragen tururi suka kama aiki a shekarun 1830, sai turbar dawakan ta fara mutuwa. Daga baya aka gina tashoshin lantarki a kan kogin, irin su Jochenstein da Ybbs-Persenbeug a shekarun 1950, aka ɗaga gaɓoɓi, aka shimfiɗa hanyoyin ma'aikata a kansu. Waɗannan hanyoyi da tsohuwar turbar dawaki su ne aka harhaɗa a shekarun 1980 suka zama hanyar kekuna.

Wannan tarihi shi ne sirrin sauƙinta. Dokin da ke jan jirgi ba ya hawan tudu, saboda haka turbar ta kwanta daidai da ruwa. Passau tana kimanin mita 300 sama da teku, Viyana kuwa ba ta kai mita 200 ba, don haka wanda ya nufi gabas gangara yake yi a hankali ba tare da ya ankara ba. Iska ma galibi daga yamma take busowa, tana tura mahayi ta baya. Shi ya sa ake ganin tsofaffi da iyaye da yara ƙanana a kanta. Mafi yawanta kwalta ce, kuma an raba ta da titin motoci, sai ɗan abin da ba a rasa ba a cikin garuruwa. A wurare da dama hanyar tana nan a gaɓa biyu, kuma ana iya sauya gaɓa ta gada, ko ta kan madatsar tashar lantarki, ko da ƙananan jiragen fito masu ɗaukar mutum da kekensa.

Daga Passau zuwa Melk

A Passau koguna uku ke haɗuwa: Danube da Inn da Ilz, kowanne da launin ruwansa. Birnin ya san ambaliya. A watan Yunin 2013 ruwa ya haura mita 12, kuma alamun iyakar ruwan shekaru daban-daban suna nan a bangon ginin majalisar gari. Kimanin kilomita 40 daga nan ake isa Schlögen, inda dutse ya tare wa kogin hanya har ya juya baya gaba ɗaya kafin ya sake miƙewa. Daga bakin ruwa ba a gane girman wannan lanƙwasa. Sai an jingine keke an hau tudun da ke sama da ƙauyen da ƙafa.

Bayan Linz, birnin masana'antar ƙarfe, hanyar tana wucewa ta Mauthausen. A kan tudun da ke bayan garin ne gwamnatin Nazi ta kafa sansanin gwale-gwale a 1938. An tsare mutane kimanin 190,000 a cikinsa da rassansa, aƙalla 90,000 suka halaka, da yawa a aikin fasa dutse, kafin sojojin Amurka su 'yantar da shi ranar 5 ga Mayu, 1945. Yanzu wurin tunawa ne. Hawan tudun da wuya, kuma ba kowane matafiyi ke ratsewa ba, sai dai wanda ya wuce shi ya ga rabin tarihin kwarin ne kawai.

Daga nan sai Grein, ƙaramin gari a mashigar wani matsatsi da matuƙa jirage ke tsoro a da saboda duwatsu da juyin ruwa. Yana da gidan wasan kwaikwayo na 1791 da har yau ake amfani da shi.

Kwarin Wachau

Idan akwai inda ya kamata matafiyi ya rage sauri, to tsakanin Melk da Krems ne. Tazarar ba ta kai kilomita 40 ba, ana iya cinye ta kafin azahar, amma yin haka asara ce. Hukumar UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, ba don gini ɗaya ba, sai don yadda kogi da gonaki da ƙauyuka suka zauna tare tsawon ƙarnuka.

A ƙofar kwarin, gidan sufayen Kirista na Melk yana zaune a kan dutse yana kallon kogi. Sufaye na cikinsa tun 1089, ginin da ake gani yau kuwa an yi shi ne tsakanin 1702 da 1736, kuma ɗakin karatunsa ya yi suna saboda tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Daga nan hanyar gaɓar arewa tana kutsawa cikin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. A Willendorf aka tono wani ɗan gunkin mace na dutse a 1908, tsawonsa kimanin santimita 11, shekarunsa sun kusa 30,000. Ainihinsa yana gidan adana kayan tarihin halitta a Viyana. Spitz da Weissenkirchen ƙauyukan manoman inabi ne, waɗanda suka sassaƙa tuddai hawa-hawa, suka tokare kowane hawa da katangar dutse ba siminti. Ana kuma noman wani ɗan itace mai zaƙi da Larabawa ke kira mishmish, mutanen wurin kuma Marille. Yana fure wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, ya nuna a Yuli, lokacin da ake sayar da shi a bakin hanya.

Dürnstein shi ne ƙauyen da ya fi jan jama'a, kuma labarinsa ya taɓa tarihin da masu karatu da dama suka sani. A kufan fadar da ke samansa aka tsare Sarki Richard na Ingila daga ƙarshen 1192, yana kan hanyar komawa gida daga yaƙin da ya gwabza da Salahuddin al-Ayyubi a ƙasar Falasɗinu. Ba Musulmi ne suka kama shi ba. Abokin yaƙinsa ne, Leopold na Biyar mai mulkin Ostiriya, wanda suka ɓata da shi a birnin Akka. An miƙa shi ga Sarkin Daular Jamus, bai kuma sami kansa ba sai a 1194, bayan Ingila ta biya fansar azurfa mai ɗimbin yawa. Titin ƙauyen matsattse ne, kuma da rana a lokacin bazara cunkoson baƙi kan tilasta mahayi ya sauka ya tura kekensa. Gaɓar kudu ta fi shiru, daga can kuma aka fi ganin kyan ƙauyen.

Viyana da gandun dajin gabas

Bayan Krems ƙasa takan buɗe, tafiyar ta zama miƙaƙƙiya a kan gaɓa. Abin lura a nan shi ne tashar nukiliya ta Zwentendorf, wadda aka gama ginawa amma ba ta taɓa aiki ba, domin jama'a sun ƙi ta a ƙuri'ar raba gardama ta 1978. Ana iya shiga Viyana ta tsibirin Donauinsel mai tsawon kilomita 21, wanda aka ƙirƙira don kare birnin daga ambaliya, ba a kuma barin motocin jama'a a kansa. Cibiyar Musulunci ta Viyana, wadda aka buɗe a 1979, tana daf da shi a gaɓar arewa.

Wanda ya ƙara kwana ɗaya zai iya isa Bratislava, babban birnin Sulobakiya, kimanin kilomita 65 gaba. Hanyar tana ratsa gandun dajin ƙasa na Donau-Auen, fadama mai dazuzzuka da ruwa ke malala cikinta idan kogi ya cika. Da tuni madatsa ta sauya shi: a watan Disambar 1984 dubban mutane suka yi zaman dirshan a dajin Hainburg cikin tsananin sanyi, suka hana sare itatuwa don gina tashar lantarki. Gwamnati ta janye, aka ayyana gandun a 1996. Nan da Wachau ne kaɗai sassan kogin a Ostiriya da ruwa ke gudu ba madatsa. A kusa kuma akwai kufan Carnuntum, birnin Rumawa da ya tsare iyakar daularsu.

Abin da matafiyi ke bukata

Lokacin tafiya daga Mayu ne zuwa Satumba. Yuli da Agusta sun fi cika, masauki kan yi wuya a ƙananan ƙauyuka idan ba a kama tun da wuri ba. Da hunturu jiragen fito da yawa ba sa aiki, idan kogi ya cika kuma akan rufe wasu sassan, a karkatar da masu keke. Ba dole ne a zo da keke ba: ana ba da haya a Passau da Linz da Viyana, har da mai batir, akwai kuma kamfanonin da ke kai jakar matafiyi daga masauki zuwa masauki. Duk da haka famfo da kayan faci da rigar ruwa ba sa rabuwa da mai hankali. Dokar Ostiriya ta wajabta hular kwano ga yaran da ba su kai shekara 12 ba. Jirgin ƙasa yana haɗa Viyana da Passau, don haka komawa ba matsala, sai dai a wasu jiragen keke na bukatar tikiti da ajiyar wuri.

Ɗan Najeriya yana bukatar bizar Schengen, wadda ta wadatar ga Jamus da Ostiriya da Sulobakiya gaba ɗaya. Musulmi ya sani cewa naman alade ya yawaita a abincin ƙauyukan, Wachau kuma yankin masu sarrafa inabi ne zuwa barasa; kifi da burodi da cuku da ruwan 'ya'yan itace suna samuwa ko'ina, naman halal kuwa an fi samunsa a Linz da Viyana. Kantuna galibi a rufe suke ranar Lahadi, saboda haka guzurin ranar sai a saye shi tun Asabar.