Tarihin Gwada Magungunan Shanyewar Ɓarin Jiki ta Ƙananan Jijiyoyi

A ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar shanyewar ɓarin jiki a matsayin cuta guda, ana danganta ta da iskoki, ana yi mata rubutu da sassaƙe, alhali likitanci ya rarrabe ta gida-gida. Ɗaya daga ciki ita ce wadda ke faruwa idan wata siririyar jijiyar jini da ke can cikin ƙwaƙwalwa ta toshe, naman da take ciyarwa ya mutu, ya bar ɗan rami. Likitocin Faransa sun ga waɗannan ramuka a gawawwaki tun ƙarni na 19, amma C. Miller Fisher, ɗan Kanada da ya yi aiki a Boston, shi ne ya fayyace alamominsu a 1965, ya kuma nuna alaƙarsu da hawan jini.

Asfirin, wanda ke hana jini dunƙulewa, shi aka fara dogara da shi, sannan aka yi zaton haɗa shi da clopidogrel, mai irin aikinsa, zai ƙara kariya. Gwajin SPS3 da aka buga a 2012, wanda ya shafi marasa lafiya 3,020, ya rushe wannan zato, domin haɗin bai rage dawowar cutar ba, sai ma ya ƙara zubar jini da mace-mace. A wani ɓangare na gwajin kuwa, sauke hawan jini ƙasa da 130 ya rage fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. An kuma gwada wani maganin, cilostazol, a Japan da Birtaniya.

Binciken SIREN a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, ya tabbatar a 2018 cewa hawan jini ne babbar silar shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki, gwajin CREOLE na 2019 kuma ya nuna haɗin magunguna da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke hawan jinin baƙar fata.

Wannan sakamako ya fi amfani ga wuri irin Séguédine, dausayin Kawar da ke arewa da Dirkou da Bilma, wanda gishiri da dabino suka raya tun zamanin ayarin Borno zuwa Fezzan. Rairayin Ténéré ya raba garin da Agadez, saboda haka hoton ƙwaƙwalwa, wanda shi ke bambanta toshewa da fashewa kafin a ba da asfirin, yana da wuyar samu a kan lokaci, amma auna jini da ƙwayar sauke shi suna yiwuwa a ƙaramin ɗakin shan magani.