Masoyin Wata: Tarihin Kalma Daga Girka Zuwa Gadarif

Ɗalibai kan tambayi yadda za a faɗi kalmar Turancin nan selenofil da Hausa. Kalmar ƙirar zamani ce, amma tubalanta na tsohon Girkanci ne: selene, wato wata, wanda shi ne kuma sunan gunkiyar wata a wurin Girkawan da, sai filos, mai so. Daga wannan saiwa ce masanin kimiyyar nan na ƙasar Suwidin, Berzelius, ya raɗa wa sinadarin seleniyam suna bayan gano shi a 1817.

Hausa tana da nata tsarin ƙira, wato ɗafa-goshin ma-, kamar a manomi da maƙeri. Ke nan sai a ce masoyin wata. Sai dai a rubuce akwai tarko. Watan sama karin sautinsa sama-ƙasa ne, da dogon wasali a ƙarshe. Kalmar da ke cikin "wata mace" kuwa sama-sama ce, da gajeren wasali. Rubutun yau da kullum bai nuna ko ɗaya, don haka mai karatu zai iya zaton ana zancen mai son wata mace. Masoyin farin wata ya fi aminci.

Hausawan Gadarif, a gabashin Sudan, sun tarar da wata kalmar a Larabci. Hanyar aikin hajji ce ta fara kai kakanninsu ƙasar. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira har bakin Shuɗin Nilu. Daga baya noman dawa da riɗi ya jawo Hausawa da yawa zuwa Gadarif.

A bakin maƙwabtansu Larabawa wata shi ne gamar, domin Larabcin Sudan yana mayar da ƙaf zuwa g. Akwai kuma samar, hirar dare. Ibnu Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya danganta asalinta da inuwar wata a ƙamusunsa Lisanul Arab, saboda a ƙarƙashinsa ake zaman hirar. Abokin wannan zama shi ne samir, mace kuma samira, sunan da ake raɗa wa 'ya'ya mata a Kano da Gadarif.

Bahaushe ya san irin wannan dare tun da daɗewa, daren da 'yan mata ke gaɗa a dandali, tsofaffi na yi wa yara tatsuniya. Mai fassara ya lura da abin da marubuci ke nufi: in kallon watan ne, masoyin farin wata ya wadatar, in zaman da ake yi a haskensa ne, sai ya ce ma'abocin hirar farin wata.